Mai Ginin Da Mai Doguwar Haya: Wa Ke Bin Wani?

A ƙasarmu, ban da gado, mun san hanya huɗu da gona ko gida ya kan shiga hannun mutum, watau saye, da haya, da aro, da jingina. Ko yaro ya san bambancinsu. Wanda ya saya ya mallaka, wanda ya ara kuwa ya san wata rana zai mayar. Amma a Ingila akwai wata hanya ta biyar wadda ta ke tsakanin saye da haya, ita ce mu ke so mu duba a wannan wata, gama akwai tambaya a cikinta da ta shafi kowane mutum da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da waɗansu.

Ga yadda abin ya ke. A manyan garuruwansu mutane da yawa su na zaune cikin dogayen benaye, kowane iyali da sashensa. Mutum ya kan biya kuɗin sashe cif kamar mai saye, ya kan ci bashin banki ya yi shekara 25 ya na biya. Duk da haka abin da ya saya ba gini ba ne, shekaru ne. Takardarsa ta kan ce ya na da ikon zama shekara 99, ko 125, wani lokaci har 999. Ya na iya sayarwa, ya na iya bar wa 'ya'yansa gado, amma shekarun su na raguwa kowace safiya, ran da suka ƙare kuwa sashen ya koma hannun mai ginin. Fili, da harsashi, da bangon waje, da matakala, da rufi, duk na mai ginin ne. Irin wannan mutum shi za mu kira mai doguwar haya. Bisa ga lissafin gwamnatinsu, gidaje irin waɗannan a Ingila sun kusa miliyan 5, watau wajen ɗaya cikin biyar na dukan gidajen ƙasar.

Da yawa daga cikinsu talakawa ne. A shekarar 1980, zamanin mulkin Margaret Thatcher, aka yi doka wadda ta ba masu haya a gidajen hukumar gari ikon sayen wurin da su ke zaune da rangwame. Wanda ke cikin bene a ka ba shi takardar shekara 125, da kuɗin fili fam 10 a shekara. Saboda haka hukumar da ta ke karɓar hayarsa jiya, ita ce dai mai gininsa yau. A bene ɗaya sai ka tarar da maƙwabta biyu ƙofa na duban ƙofa. Ɗaya ya na biyan haya mako mako, in rufi ya lalace ba ruwansa. Ɗayan ya saya, in rufi ya lalace sai a aiko masa da takardar rabonsa na kuɗin gyara.

Kada mu yi saurin yi musu dariya, mu ce wane irin saye ne wannan. Tun dokar ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha a Nijeriya su na hannun gwamna bisa amana, takardar izinin zama da a ke ba mai gini a birni kuwa yawanci ta shekara 99 ce, da kuɗin fili a kanta. Sayar da shekaru ma ba sabon abu ba ne a duniya. Mai karanta Littafin Firistoci sura 25 ya san Isra'ilawa ba su sayar da gona har abada. A kan ƙidaya yawan girbin da ya rage kafin shekara ta 50, a yanka kuɗi daidai da shi, an kuma gargaɗi mai saye da mai sayarwa kada wani ya cuci wani. Ashe sayar da shekaru a kansa ba zalunci ba ne. Wurin da cuta ta kan shiga dabam ne.

Wurin kuwa shi ne nan: a cikin wannan zama mutum ɗaya ne ke yanke shawara, wani dabam ne ke biya. Mai ginin shi ke cewa lokacin sake rufi ya yi. Shi ke zaɓen ɗan kwangila, shi ke ɗaukar mai shara, shi ke shirya inshora. Sa'an nan ya raba dukan abin da ya kashe a kan masu doguwar haya, da sunan kuɗin hidima. Kowa ya san yadda zuciyar ɗan Adam ta ke. In mun je kasuwa da kuɗinmu mu kan yi ciniki har mai kaya ya gaji. In da kuɗin wani muka je, sau da yawa taya ɗaya mu kan yi mu sallama. Ba lalle sai mai ginin ya zama mugu ba kafin ya cuci mutanensa. Ya isa kawai ya zama ba aljihunsa ke jin zafin ba.

To, me ya wajaba a kan wanda ke kashe kuɗin da ba nasa ba? Masu yin doka a Ingila sun amsa wani sashi na tambayar a shekarar 1985, suka ƙara a 2002. Suka ce kuɗin hidima ba ya zama bashi sai gwargwadon abin da aka kashe bisa hankali, aikin kuma ya zama mai kyau daidai misali. Suka ce mai doguwar haya ya na da ikon neman taƙaitaccen lissafi, ya kuma duba rasit da idonsa. Suka ce in mai ginin ya kashe kuɗi ya yi shiru har wata 18 bai nema ba, bai kuwa sanar ba, ya yi hasararsu. Wanda bai yarda da lissafi ba ya na iya kai ƙara gaban wata ƙaramar kotu ta al'amuran gidaje. Babba a cikinsu duka shi ne wannan: in za a yi aikin da rabon wani mutum ɗaya zai wuce fam 250, wajibi ne a rubuto wa mutane tun da wuri, a ba su kwana 30 su faɗi ra'ayinsu, a nuna musu farashin 'yan kwangila. Mai ginin da ya ƙetare wannan, fam 250 kaɗai zai karɓa daga kowa, kome yawan abin da ya kashe, sai fa in kotu ta yafe masa.

A kan wannan yafewa aka yi wata shari'a da ta cancanci mu daɗe a kanta. Wani kamfani mai suna Daejan ya na da bene a arewacin Landan, da masu doguwar haya biyar a ciki. Ya yi babban gyara wanda rabon mutanen biyar a ciki ya kai kusan fam 280,000, amma bai cika ƙa'idar shawara ba, gama tun wa'adin jin ra'ayi bai ƙare ba aka gaya wa mutanen an riga an zaɓi ɗan kwangila. Mutanen suka ce, tun da ya ke haka ne, fam 250 kowa zai biya, jimla fam 1,250. Kotuna uku a jere suka ba su gaskiya. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a shekarar 2013, alƙalai biyar suka rabu, uku da biyu. Ukun suka ce an sa ƙa'idar shawara domin a tsare mutane daga aikin banza da tsadar banza ne, saboda haka abin tambaya shi ne, wace hasara rashin shawarar ta jawo musu? Suka yafe wa kamfanin bisa sharaɗin ya rage fam 50,000, ya kuma biya kuɗin da mutanen suka kashe wajen ƙalubalantar roƙonsa. Biyun da suka saura ba su yarda ba. A ganinsu ƙetare ƙa'idar da kansa babban laifi ne, bai kamata a sauƙaƙa shi haka ba.

Mun juya wannan magana a zuci ƙwarai. Ta fuskar kuɗi mu na ganin alƙalai ukun ba su yi kuskure ba. Mutane biyar su kwana ƙarƙashin gyaran da rabonsu a ciki ya kai kusan fam 280,000 su biya 1,250, wannan ba adalci ba ne, tsintuwa ce. Wanda ya ji daɗin sabon rufi ya kamata ya biya rabonsa. Amma akwai abin da biyun suka gani wanda ba ya hawa ma'auni. A ce ɗan'uwanka ya ɗauki akuyarka ya kai kasuwa ba da saninka ba, ya sayar da ita da daraja, ya kawo maka kuɗin duka. Ba ka yi hasarar ko anini ba. Ko za ka ce bai yi maka kome ba? Ya yi mana, gama ya ɗauke ka kamar ba ka nan. Shawara ba dabarar rage farashi kaɗai ba ce, shaida ce cewa mai biyan mutum ne mai hankali, gidan kuwa wurin kwanansa ne. Kotu ba ta iya yanka wa wannan kuɗi, shi ya sa ta kan bar shi. Amma abin da kotu ta bari bai sauka daga wuyan mai ginin ba. In ya riga ya yanke shawara sa'an nan ya aika da takardar neman ra'ayi domin cika sharaɗi kawai, ya yi ƙarya ne da tambari a kanta.

Wanda ke tsammani jin ta bakin mazauna gida ladabi ne kurum, sai ya tuna da benen Grenfell. Bene ne mai hawa 24 a yammacin Landan, a lokacin mallakar hukumar gari ne, wata ƙungiya ce ke lura da shi a madadinta. Yawancin mazaunansa masu haya ne, kaɗan masu doguwar haya, su ma da ƙungiyarsu. Shekara da shekaru mutanen su na rubuta kuka a kan haɗarin wuta. Tsakanin 2015 da 2016 aka yi wa ginin riga ta waje da falle-fallen alminiyam masu roba a tsaki. Daren 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi a kicin ɗin wani sashe a hawa na 4, ta kama rigar nan, ta haye ginin cikin ɗan lokaci. Mutum 72 suka rasu. Alƙali Martin Moore-Bick, wanda ya shugabanci bincike, ya ba da rahotonsa na ƙarshe ran 4 ga Satumba 2024, ya ce dukan mutuwar nan da an iya kauce mata. Rahoton ya nuna zaman masu lura da ginin da mazaunansa ya lalace da rashin yarda da fushi, har a ke ɗaukar waɗansu masu kuka 'yan fitina. Bai ɓoye ba cewa a cikin mazaunan akwai masu zafin baki. Duk da haka ya ɗora nauyin gyaran zaman a kan masu lura da ginin, domin su ke riƙe da iko a kan gidajen mutane.

Mun yarda da wannan hukunci ɗungum. In mutum biyu suka yi alkawari, ɗaya da lauyoyi da akawu da maɓallin kowace ƙofa, ɗayan kuwa tsohuwa ce mai cin fansho, hakkinsu a takarda ya na iya zama daidai, amma nauyinsu ba daidai ba ne. Mai iko shi ke da alhakin haƙuri da mai kuka, ko da kukan ya zo da zagi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan wutar sai wata tambaya ta taso mai wuya. Aka binciki benaye ko'ina a ƙasar, aka tarar ɗaruruwa su na da riga irin wannan ko wani lahani mai kama da ita. Wa zai biya kuɗin cirewa? Takardun haya da yawa sun ce gyaran gini a kan masu doguwar haya ya ke. Sai mutanen da ba su zana ginin ba, ba su zaɓi kayan ba, ba su ma san abin da ke bayan bangonsu ba, suka fara samun takardun bashi na fam dubbai. Waɗansu aka sa su biyan masu gadi da ke zaga bene dare da rana su na duban wuta. Bankuna suka ƙi ba da rance a kan irin gidajen, saboda haka ko sayarwa ba ta yiwuwa. Masu gini suka ce, ga takarda, kun sa hannu. Gaskiya ne sun sa hannu. Amma mutum ya na sa hannu a kan abin da hankali ke iya hangowa ne, watau rufi zai tsufa, fenti zai kode, famfo zai tsiyaye. Ba wanda ya yi alkawarin biyan kuskuren magini da ha'incin mai sayar da kaya. Sai a 2022, shekara biyar bayan wutar, aka yi dokar da ta ce a benen da ya kai hawa 5 ko ya wuce mita 11, mai doguwar haya da ya cika sharuɗɗa ba zai biya kome ba domin cire rigar. Sauran gyaran tsaron wuta kuma aka yi masa iyaka, ga yawancinsu fam 15,000 a Landan, 10,000 a sauran wurare. A cikin shekaru biyar ɗin nan takarda ta na bayan masu gini, gaskiya kuwa ba ta bayansu.

Kuɗin fili ba sai mun daɗe a kansa ba, gama abin a fili ya ke. Waɗansu kamfanonin gini sun rubuta a takarda cewa kuɗin zai riƙa ninkawa kowace shekara 10. Fam 250 ya zama 500, ya zama 1,000, bayan shekara 50 ya kai 8,000, ba kuwa wata hidima da a ke yi a madadinsa. A 2017 kamfanin Taylor Wimpey ya ware fam miliyan 130 domin warware irin waɗannan takardu da ya sayar. Daga 30 ga Yuni 2022 doka ta ce kuɗin fili na sabuwar doguwar haya ba zai wuce ƙwayar masoro ɗaya a shekara ba, wadda ba mai zuwa karɓa.

Kada mai karatu ya zaci duk laifi na gefe ɗaya ne. Mai doguwar haya shi ma a na binsa, akwai kuwa wani ruɗi da ya kan kama shi. Ya kan ce, na sayi gidana, me ya sa za a riƙa aiko mini da takarda? Wanda ke hawan ƙasa ya kan ce, rufin ba a kaina ya ke yoyo ba, na'urar hawa bene kuwa ban taɓa shigarta ba. Ya manta na sama ma ya na biyan gyaran harsashi da magudanar da ke ƙarƙashin ƙafarsa shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi muni, mai ƙin biya ya kan ɗauka mai ginin ya ke horo, alhali sau da yawa maƙwabcinsa ya ke horo. In kuɗi ba su taru ba, gyara ya kan tsaya, ruwa ya ci gaba da zuba a kan gadon na sama. A benen hukumar gari kuma, abin da mai doguwar haya bai biya ba ya kan faɗa kan asusun da hayar talakawa ke shiga, watau waɗanda ba su iya saye ba su ke ɗauke wa wanda ya saya. Mai ganin an yi masa tsada, hanyar da ta dace ita ce ya nemi lissafi, ya kai ƙara, ya biya abin da ba gardama a kansa. Ya yi shiru ya riƙe duka ba neman gaskiya ba ne.

Akwai kuma hakkokin da ba na kuɗi ba. Ya buɗe wa ma'aikata ƙofa in an ba shi sanarwa. Kada ya rushe bangon ciki ba da izini ba, gama wani bangon ya na ɗauke da ɗakin wani. Ya gyara famfonsa kafin silin na ƙasa ya ruɓe. A takardu da yawa ƙofar shiga sashe ta mai doguwar haya ce, ƙofar nan kuwa an yi ta domin ta tsare wuta da hayaƙi kada su fita matakalar da kowa zai bi ya tsira. Wanda ya cire ta ya sa wata mai ado ya taɓa ran maƙwabta, ba kayansa kaɗai ba. In takardar neman ra'ayi ta zo kuma, ya karanta ya amsa. Mu da mu ke cewa shawara hakkinsa ce, dole mu ce masa wanda aka tambaya ya jefa takardar a kwandon shara ya rage wa kansa bakin kuka.

Idan ya ƙi fa, me mai ginin zai yi? A nan tsohuwar dokar Ingila ta ba shi makami mai ban tsoro, watau ikon soke takardar, ya karɓe sashen duka, ba ya mayar da ko fam ɗaya na abin da ya rage bayan bashinsa. Dokar 2002 ta rage kaifinsa. Ta ce ba a fara wannan sai bashin ya wuce fam 350 ko ya yi fiye da shekara 3, kotu kuma ta kan ba mutum dama ya biya ya fanshi gidansa. Saboda haka da wuya a kai ƙarshe, amma wasiƙar barazana kaɗai ta isa ta sa mutum ya biya abin da bai yarda da shi ba. A ganinmu mai bin bashi ya na da hakkin kuɗinsa, da kuɗin wahalar nemansu. Ba shi da hakkin gidan fam 300,000 saboda bashin fam 400. Ikon da doka ta ba mutum ba duka ne lamiri ke yarda ya mora ba, mai ginin kirki kuwa ya kan kai ƙarar bashi kamar kowane mai bin bashi, ya bar wancan makami a kube.

Mutanen Ingila da yawa sun gaji da tsarin gaba ɗaya. Dokar 2002 ta ba masu doguwar haya a gine-gine da dama ikon haɗa kai su karɓi lura da gininsu, ta kuma buɗe wata sabuwar hanya inda kowa zai mallaki sashensa har abada, su mallaki rufi da matakala tare. Cikin shekara 20 da suka biyo baya, wuraren da aka gina bisa wannan hanya ba su kai 20 ba. A watan Mayu 2024 aka sa hannu a wata doka da ta rubuta ikon ƙara wa takarda shekara 990, ko da ya ke ba dukan sassanta suka fara aiki nan take ba. A watan Maris 2025 kuma gwamnati ta bayyana niyyarta ta mai da mallakar tarayya ita ce hanyar sayar da sababbin sassan bene. Mu na ganin wannan ya fi, domin mai yanke shawara da mai biya za su zama mutum ɗaya. Sai dai ran da aka kawar da mai ginin, rufin zai ci gaba da tsufa kamar dā. Za a kira taro, na hawan ƙasa da na hawan sama su zauna a ɗaki ɗaya da farashin 'yan kwangila a gabansu, a zaɓi ɗaya daga cikinsu ya riƙe asusu, shi ne kuma zai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin da bai biya ba.